Sabon batir, amma sitata sai ƙyas-ƙyas: ta ina ake fara binciken wutar tsohon babur?

Tambaya: "Ina da tsohon babur ƙirar Japan na farkon shekarun 1980, mai batir volt 12. Na saka masa sabon batir, bai yi wata guda ba ya fara kasa tayar da inji. In na danna sitata sai in ji ƙyas, wani lokaci kuma ta juya da ƙyar kamar ba ta so. Da kik yana tashi lafiya. An canja mini rektifaya, abin bai sauya ba. Yanzu wani ya ce in sayi sabuwar sitata, wani ya ce kwayil. Wanne ne ya lalace?"

Amsa:

Ɗan'uwa, ka dakata da saye tukuna. Bisa abin da ka bayyana, ina ganin sitatar ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda zan zarga. Sabon batir da ya mutu cikin wata guda yana nuna ɗaya daga cikin abu biyu: ko babur ba ya mayar masa da wutar da ake ɗiba, ko kuma akwai abin da ke zuƙe shi bayan an kashe makulli. Sitata dai tana nuna maka cewa wuta ta yi ƙasa ne, don ita ta fi kowa cin wuta a jikin babur, shi ya sa take fara kuka. In ka canja ta alhali matsalar tana wajen caji, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin da kake bukata shi ne mita mai auna volt, om da amfiya, irin ƙaramar nan mai nuna lamba. Ba sai mai tsada ba. Da ita za ka san ainihin inda gizo yake saƙa, kuma awon bai wuce aikin yini guda ba ko da ba ka saba ba.

Ka fara riƙe yadda wutar take zagayawa. A cikin inji akwai kwayil, wato wayoyin jan ƙarfe da aka naɗe a kan ƙarfe, sai magnito mai juyawa tare da inji. Juyawar ita ke haifar da wuta, amma wutar AC ce, mai kai da komowa, batir kuwa DC yake karɓa. Rektifaya ke mayar da ita DC. Rigileta kuma ke hana ta wuce kima. A yawancin baburan zamanin naka an haɗe su biyun a akwati guda mai haƙarƙarin sanyaya, shi ne aka canja maka. Daga nan wuta ta bi ta fiyus ta shiga batir. In ka danna maɓallin sitata, 'yar ƙaramar wuta ce ke zuwa solinoid, wanda wasu ke ce wa rilen sitata, shi kuma ya haɗa manyan wayoyi biyu, wuta mai yawa ta kwarara daga batir zuwa sitata, ta dawo ta jikin inji da wayar bodi, wato wayar da ke haɗa negetif na batir da jikin babur. Duk inda aka sami tangarɗa a wannan zagaye, alamar da za ka ji kusan iri ɗaya ce.

Batir ne farko, ko da sabo ne. Ka cire shi ka yi masa caji a waje har ya cika, domin duk awon da za a yi da batir mai yunwa ƙarya zai ba ka. Ka'idar caji ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: batir mai 12Ah a ba shi kimanin amfiya 1.2 na tsawon sa'o'i. Babbar cajar mota tana dafa ƙaramin batir. Wajen cirewa a fara kwance negetif, wajen mayarwa a ƙare da shi, kuma kada a yi caji kusa da wuta ko taba, saboda iskar haidurojin da yake fitarwa tana kamawa. In mai ruwa ne, ka duba ruwan ya rufe faranti a dukkan ɗakuna shida, in ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba asid ba.

Bayan caji ka bar shi ya huta awa guda ko biyu, sannan ka auna. Cikakken batir zai nuna volt 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.4 ya ɗan ragu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. In ya tsaya wajen 10.5 bayan an yi masa caji, ɗaki ɗaya ya mutu, don kowane ɗaki kimanin volt 2.1 yake bayarwa. Sai dai wannan awo rabin labari ne. Batirin da aka bari ya sha yunwa sau da yawa, farantinsa kan yi wani farin kanta mai tauri, sai ya riƙa nuna 12.6 a zaune amma ya durƙushe da an ɗora masa kaya. Don haka ka mayar da shi jikin babur, ka ɗora bakin mita a kan kawunan batirin kansu, ba a kan notin ko wayar ba, ka danna sitata kana kallon lamba.

In lambar ta faɗi ƙasa da volt 9.5 ko 10, batirin ya gaji, ko sitata tana jan wuta fiye da kima, ko inji ya yi tauri. In kuwa lambar ta tsaya cak a 12 da wani abu, ga ƙyas amma sitata ba ta juya ba, to batirin lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa inda aka aike ta.

A nan nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin a tsohon babur mafi yawan matsalar wuta ba a cikin kayan take ba, a mahaɗarsu take. Waya mai shekara arba'in tana iya kyau a ido, roba lafiya, amma a ƙarƙashin robar jan ƙarfen ya koma kore, silin da suka rage ba su fi uku ko huɗu ba. In ka auna ta da om, mita za ta ce maka lafiya lau, saboda mita 'yar mitsitsiyar wuta take turawa, sili ɗaya ma ya ishe ta. Sitata kuwa amfiya gommai take nema, a babban inji har ta haura ɗari. Saboda haka ba a auna manyan wayoyi da om. Ana auna volt ɗin da ke ɓacewa a hanya lokacin da wuta ke gudu.

Ga yadda ake yi. Mita a kan volt DC. Jan baki a kan fozitif na batir, baƙin baki a kan notin da babbar waya ta shiga sitata. Ka danna maɓalli. Lambar da ka gani ita ce wutar da ta zube tsakanin batir da sitata. Kada ta wuce kusan rabin volt. In ka ga volt 2 ko 3, sai ka riƙa matso da baƙin bakin baya: notin solinoid na ɓangaren sitata, sannan na ɓangaren batir, sannan kan wayar da ke jikin batir. Inda lambar ta faɗi kwatsam, tsakanin nan da wurin da ka baro matsalar take. Kowace mahaɗa ko guntun waya bai kamata ta ci fiye da volt 0.2 ba. Daga nan ka yi wa ɓangaren bodi haka: baƙin baki a negetif na batir, jan baki a jikin sitata, inda babu fenti. Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi. Wayar bodi tana ɗaure a firam ko inji da noti guda, ruwa da tsatsa sun shiga ƙarƙashinsa, ko an yi wa firam sabon fenti an ɗaura wayar a kan fentin. Akwai gwaji mai sauri: ka ɗauki wayar jamfa mai kauri ka haɗa negetif na batir kai tsaye da jikin inji. In sitata ta zabura, ka gama bincike. Wata alama kuma, bayan ka danna sitata na 'yan daƙiƙu ka taɓa mahaɗun a hankali, wadda ta yi zafi ita ce mai laifi.

Gyaran ba wuya: a kwance, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske ta fuska biyu, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a sama don hana iska da ruwa. Wayar da ta yi kore a ciki kuwa ba ta gyaruwa, a canja ta da mai kaurinta ko wadda ta fi ta.

Kunne ma mita ne, in ka san abin da kake saurare. Ƙarar "tatatata" mai sauri tana nufin wuta ta isa ta ja solinoid, amma da ya haɗa sai wutar ta faɗi ya saki, ya sake ja, ya sake saki. Batir ne mai rauni ko kan batir mai datti. Ƙyas guda ɗaya mai ƙarfi, fitila ba ta dushe ba, to ko bakin solinoid na ciki ya ƙone, ko gawayin sitata, wanda ke isar da wuta ga sashenta mai juyawa, ya cinye. Ƙyas guda, fitila ta mutu gaba ɗaya, wuta na tafiya amma wani abu ya riƙe, ko batirin ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Shiru kuwa, ba ƙyas ba komai, ƙaramar hanyar ce ta yanke: fiyus, makulli, maɓallin kashe inji da ke kan hannu, maɓallin sitata, swicin kuloci, swicin firi, ko na jak ɗin gefe a baburan da ke da shi. Waɗannan ƙananan swici suna cika da datti, kuma sau da yawa fesa musu mai wanke wuta da motsa su ya isa.

Don raba gardama tsakanin solinoid da sitata, ka tabbatar babur yana firi, yana kan jak, babu ɗigon fetur kusa, sannan ka haɗa manyan notin solinoid biyu da tsohuwar sukundireba mai hannun roba. Za ta yi tartsatsi, kada ka firgita, kuma kada ka daɗe. In sitata ta juya da ƙarfi, ita da batir sun fita, saura solinoid da hanyar da ke ba shi umarni. Ka auna ƙananan wayoyinsa biyu: in volt 12 na zuwa lokacin da aka danna maɓalli, kuma ɗaya wayar tana samun bodi, amma bai haɗa ba, solinoid ya mutu. Naɗinsa na ciki yakan nuna om 3 zuwa 5.

In har bincike ya kai ka ga sitata, kada ka yi saurin jefar da ita. Ka yi wa jikinta alama da maka kafin ka buɗe, domin murfin ya koma yadda yake. Da ka zare dogayen kusoshi biyu ka ɗaga murfin baya, baƙin gari zai zubo maka a hannu, garin gawayin da ya cinye ne. Za ka ga gawayi biyu ko huɗu, kowanne da 'yar sifirin da ke tura shi kan wani zagayayyen jan ƙarfe mai tsage-tsage. In gawayin ya gajarce har sifirin ba ta iya tura shi, ko ya maƙale a gidansa, shi ne dalilin da ya sa wani lokaci take tashi in an ɗan ƙwanƙwasa ta. A canja gawayi, a goge jan ƙarfen da sanfefa mai laushi, a yashe baƙin garin da ya cika tsagogin da tsinke, domin garin yana ɗaukar wuta ya haɗa ɓangarorin da bai kamata su haɗu ba. A auna tsakanin jan ƙarfen da sandar tsakiya, bai kamata su haɗu ba sam. In ka tarar da baƙin mai a ciki, sil ɗin gaba ya mutu, kuma sabon gawayi ba zai daɗe ba sai an canja shi. Tsohuwar sitata ta asali da aka yi wa wannan hidima ta fi yawancin sababbin kwaikwayo ƙarko, wannan ra'ayina ne kuma ina tsaye a kansa.

In kuma sitata tana juyawa fir-fir da sauri amma inji bai motsa ba, ko tana yin ƙarar gurzawa, wannan ba maganar wuta ba ce. Kulocin sitata ne, mai 'yan gangunan ƙarfe da sifirin, wanda ke kamawa ta gefe ɗaya kawai. Aikin sifana ne.

Yanzu mu koma inda na fi zargi a babur ɗinka, wato caji. Da cikakken batir, ka tayar da inji ya yi zafi, mita a kan kawunan batir. A silo za ka iya ganin 12.5 zuwa 13, wannan ba laifi ba ne a tsohon babur, da yawansu ba sa caji a silo tun suna sababbi. Ka ja totur zuwa juyi 4,000 ko 5,000 a minti. Lafiyayyen caji zai nuna volt 13.5 zuwa 14.5, kuma ya tsaya nan ko ka kunna babbar fitila. In bai wuce 13 ba, caji ya gaza. In lambar ta hau a ƙaramin totur sannan ta riƙa sauka yayin da kake ƙara wuta, yawanci mahaɗa ce mara kyau tsakanin rigileta da batir. In kuwa ta haura 15 tana tafiya, kashe injin. Wannan caji ne da ya wuce kima: ƙwan fitila na yawan ƙonewa, ruwan batir na ƙafewa, batir na zafi yana kumbura, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ma yana kashe sabon batir cikin makonni, kuma yana iya tafiya da akwatin CDI, mai sarrafa wutar filogi.

In caji ya gaza, kafin ka taɓa kwayil, bi wayoyin da suka fito daga murfin inji har zuwa soket ɗinsu. Galibi guda uku ne masu launi ɗaya, rawaya a Honda, fari a yawancin Yamaha. Ka zare soket ɗin ka duba cikinsa da haske. Abin da ake yawan tararwa shi ne farar robar ta koma ruwan ƙasa a gefe ɗaya, ta narke ta manne, bakin ƙarfen ya yi baƙi ya saki, robar wayar ta bushe tana karyewa kamar tsawon ɗan yatsa, ga ƙaurin ƙuna. Yadda abin ke faruwa shi ne bakin ya ɗan yi tsatsa, tsatsa ta kawo zafi, zafi ya sassauta bakin, sassautawa ta ƙara zafi, haka har ya ƙone. In haka ka gani, sabuwar rektifayar da aka saka maka an cusa ta ne a ƙonannen soket, shi ya sa ba ka ga canji ba. A yanke har inda jan ƙarfe yake da haske, a sa sabon soket mai kyau ko a haɗa da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a wannan wuri. Wasu tsofaffin Suzuki GS ma ɗaya daga cikin wayoyin ukun sai ta je har swicin fitila a kan hannu ta dawo, ka ga mahaɗun da za su iya lalacewa sun ƙaru, kuma masu irin waɗannan babura sun daɗe da sanin cewa gara a haɗa ta kai tsaye.

Kwayil ana yi masa awo uku, soket a zare. Na farko da inji a kashe: om tsakanin kowace waya biyu, wato ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Lambar ƙarama ce, galibi ƙasa da om 1 ko kusa da haka, abin lura shi ne ukun su zo daidai. Ka fara haɗa bakunan mitar da juna ka ga nawa wayoyinta ke ci, ka debe. Na biyu: kowace waya da jikin inji. A kwayil mai waya uku bai kamata a sami haɗuwa ba ko kaɗan, in mita ta yi ƙara, naɗin ya ƙone ya taɓa ƙarfe. Na uku shi ne mai yanke hukunci: mita a kan volt AC, inji na aiki, ka auna waya bibbiyu kamar dai na farko. A silo za ka ga kimanin volt 15 zuwa 25, a juyi 5,000 kuma 50 zuwa 80 gwargwadon babur. Ka kiyaye hannunka, wannan wutar tana ja. In biyu sun ba da 60 ɗaya ta ba da 25, kwayil ya tafi. In duka ukun sun yi ƙasa daidai wa daida, sai a duba magnito, ko maganaɗisunsa ya yi rauni ko ya ɓalle daga gam. Ka yi wannan awo da inji mai zafi, domin akwai kwayil da ke wucewa gwaji da sanyi, sai ya yi zafi naɗin ya buɗe ya taɓa.

In kwayil ya fita lafiya, sai rektifaya, ko da sabuwa ce. Sabo ba ya nufin lafiyayye, kuma ba kowace mai soket iri ɗaya ce ta dace da babur ɗinka ba. A cikinta akwai diyod shida, kowanne yana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Mita a kan alamar diyod, a jikin rektifaya ka auna kowace wayar kwayil da jar wayar da ke zuwa batir, ka juya bakuna, sannan ka yi haka da wayar bodi. Ta gefe ɗaya za ka ga kusan 0.4 zuwa 0.7, ta ɗaya gefen babu komai. Wanda ya nuna sifili ta ko'ina, ko babu komai ta ko'ina, ya mutu. Wannan awo bai shafi ɓangaren rigileta ba, ita sai a bakin aiki ake gane ta. Kuma ka ƙirga wayoyinta. Wasu suna da ƙarin waya, baƙa ce a Honda, wadda ke "jin" yawan wutar da ke cikin babur bayan makulli. In makullin ya tsufa yana cinye volt guda, rigileta za ta ɗauka batir bai cika ba, ta yi ta tura masa har ta dafa shi. Ka auna wannan waya da makulli a kunne, ka gwada da abin da batir ke nunawa, bambancin kada ya kai rabin volt. Sannan ka maimaita awon zubewar wuta, inji na juyi 4,000: daga jar wayar rektifaya zuwa fozitif na batir, daga wayar bodinta zuwa negetif. Tsohon gidan fiyus na kwalba, wanda bakinsa ya saki, yana iya cinye abin da ya rage na caji shi kaɗai.

Akwai wani abu da ya kamata ka tabbatar tun da wuri, don ba ka faɗi sunan babur ɗin ba. Ba kowane babur na wancan zamani ke da maganaɗisu na dindindin ba. Irin su Yamaha XS650 da Honda CB750 na 1979 zuwa 1982 magnitonsu naɗin waya ne, sai an ba shi wuta ta gawayi biyu sannan ya zama maganaɗisu. A irin waɗannan, in gawayin ya cinye ko naɗin ya ƙone, kwayil ba zai ba da komai ba ko da lafiyarsa ƙalau, kuma awon AC da soket a zare zai ruɗe ka. Ka duba tsawon gawayi, ka auna om tsakanin zobban jan ƙarfe biyu da gawayin ke gogawa, yakan kasance om 4 zuwa 6. In ya faɗo 2 ko 3, naɗin ya haɗe a ciki, kuma zai ƙona duk sabuwar rigiletar da aka saka masa. Tsofaffin BMW masu silinda biyu a kwance, daga 1969 zuwa gaba, ta cikin ƙwan jar fitilar caji ake fara ba magnito wuta, in ƙwan ya mutu caji ya tsaya. Tsofaffin baburan Ingila kuwa, Triumph da BSA da Norton, da yawansu fozitif ne ke bodi, in ka haɗa batir yadda ka saba sai ka ƙona kaya nan take. Ƙananan babura irin CG125 da masu kwaikwayonsa tsarinsu ya fi sauƙi: naɗin fitila dabam, na caji dabam, na filogi dabam, kuma a wasunsu gefe ɗaya na naɗin a bodi yake tun daga masana'anta, don haka ƙarar mita tsakanin waya da inji ba laifi ba ce a can. Shi ya sa takardar zanen wayoyi ta ainihin babur ɗinka take da daraja, lambobin da ke cikinta su ne gaba da waɗanda na ba ka.

Wannan ma ya bayyana dalilin da babur ɗinka yake tashi da kik. Wasu babura filoginsu daga magnito yake samun wuta kai tsaye, ba ruwansa da batir. Waɗanda ke dogara da batir ma, 'yar wutar da ta rage tana isar filogi matuƙar sitata ba ta wawushe ta ba. Tashi da kik bai wanke caji ba.

In caji ya nuna 14 lafiya amma batir na mutuwa bayan kwana biyu ko uku a ajiye, to ɓarawon wuta ne. Makulli a kashe, ka cire wayar negetif, ka sa mita a kan amfiya tsakanin wayar da kan batir. Ka fara daga ma'auni mafi girma ka sauko, kuma kada ka kuskura ka danna sitata a haka, mitar za ta ƙone. Tsohon babur mara agogo mara na'urar ƙararrawa bai kamata ya ja fiye da miliamfiya 1 ko 2 ba. In ya fi haka, ka riƙa zare fiyus da soket ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Diyod da ya lalace a rektifaya yana barin wuta ta koma baya cikin kwayil, sai kuma kayan da aka ƙara daga baya: cajar waya, ƙararrawa, ƙarin fitilu da aka ɗauko wutarsu kai tsaye daga batir.

Ƙarin kaya yana da wata illar ko da an haɗa shi daidai. An ƙera kwayil ne da ɗan rara kaɗan a kan abin da babur ke ci. Ƙwan fitila mai wat 55 yana jan fiye da amfiya 4, in aka sa shi inda aka tsara wa mai wat 35, aka ƙara da babban hon da wasu fitilu, rarar ta ƙare. Haka nan mai gajeriyar tafiya, tashi goma a yini kuma yawancin lokaci a silo, batirinsa ba ya samun damar cika.

Abubuwa uku nake roƙonka ka guje musu. Kada ka cire kan batir inji na aiki don ganin ko zai mutu, tsohuwar dabara ce da ke sa wuta ta yi tsalle ta ƙona rigileta da CDI. Kada ka gwada waya ta hanyar goga ta a bodi don ganin tartsatsi. In za ka ɗauki wuta daga batirin mota, injin motar ya kasance a kashe. Sitata kuma daƙiƙa biyar ake danna ta, a huta kamar goma, ba a ɗora mata yatsa har ta yi zafi.

In bincike ya nuna kwayil ne ya ƙone, kada ka saka sabo ka tsaya nan. Rigiletar yawancin baburan nan, idan batir ya cika, haɗe wayoyin kwayil take yi don zubar da rarar wuta, wato kwayil yana aiki da cikakken ƙarfi kullum, baƙin man inji ne ke sanyaya shi a irin waɗanda kwayil ke cikin mai. Ƙarancin mai, tsohon mai, da mahaɗa mara kyau duk suna gajarta masa kwana. Saboda haka a gyara soket, a duba mai, a tabbatar rektifaya tana inda iska ke bugun ta kuma bodinta na da kyau. In da hali, rigileta irin ta zamani mai MOSFET (wani nau'in swicin lantarki), kamar Shindengen FH020AA, ba ta zafi kamar tsohuwar, ita kuwa SH775 yanke wutar take yi maimakon haɗewa, kwayil ya sami sauƙi. Duk biyun na masu maganaɗisu na dindindin ne masu waya uku, ba su dace da mai gawayi ba. Wajen haɗawa, a ja jar wayarta mai kauri kai tsaye zuwa fozitif na batir ta cikin fiyus mai amfiya 30, wayar bodinta kuma kai tsaye zuwa negetif.

Shi kuma batirin da ka saya, kada ka yanke masa hukunci yanzu. Wata guda na yunwa ba lallai ya kashe shi ba. Ka cika shi a hankali, in ya riƙe 12.6 bayan kwana guda a ajiye kuma bai faɗi ƙasa da 10 ba lokacin da sitata ke juyawa, ka ci gaba da amfani da shi.